Injin da Mairo Ta Ba Allah

Ni ne mai karɓar haraji a garinmu, kuma ni ne na koya wa yayata yadda za ta guje masa. Shekara guda da wata huɗu ina ɗauke da wannan magana a ciki, ko matata ban faɗa wa ba.

Sunana Isiyaku. Garinmu Tsamiyar Kwari, a ƙasar Mayahi, in ka bar hanyar Gidan Amumune ka nausa gabas cikin rairayi. Ina aiki a ma'aikatar magajin gari, wadda kowa ke kira meri. Ranar Laraba in zaga kasuwa da tikiti, ƙarshen shekara in bi masu shago da masu sana'a su biya patanti, wato harajin sana'a. Wanda ya ƙi biya in ɗaura wa ƙofarsa kwado. Ba aikin da ke jawo wa mutum farin jini ba ne. Akwai gidajen da in na yi sallama sai a ce maigidan ya fita, alhali ga takalmansa a bakin zaure.

Yaya Mairo ita ta goye ni, don uwarmu ta rasu ina rarrafe. Mijinta Umaru ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da injin niƙa guda, a wata rumfar kwano jikin katangar gidansu. Kowa ya ɗauka za ta sayar, ko ta nemi namiji ya riƙe mata. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana fita takaba ta ɗaure ɗankwali tamau, ta kama hannun injin nan ta murza har ya tashi, maza na tsaye suna kallo, wasu na dariya. Shekara shida tana wannan aiki, har ta kai ko tana cikin gida in injin ya canza murya ta san abin da ke damunsa. Ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma tana son a san haka.

Ana nan sai wani ɗan garinmu da ke fatauci a Aljeriya ya aiko wa masallacin Juma'a sabon inji, sadaka ga iyayensa. Allah ya karɓa masa, ba ni da ta cewa. Amma a garinmu haka na tarar, abin da ke na masallaci ko na majami'a meri ba ta taɓa shi. Injin masallaci ba patanti, ba tikiti, in bel ya tsinke a yi shela bayan sallah a haɗa kuɗin sabo. Don haka yana niƙa tiya da rahusa. Mata kuwa, ko ƙanwar uwarsu ce mai inji, in akwai rangwamen dala biyar a wani wuri can za su. Cikin wata uku layin ƙore da robobi da ke ƙofar Yaya ya koma ƙofar masallaci.

Ƙarshen shekara sunanta ya fito cikin waɗanda ba su biya ba. Sakataren meri ya miƙo mini kwado, bai ko ɗago ya dube ni ba.

Na iske ta da hantsi tana zaune kan buhu, injin a kashe. Ta ga kwadon kafin ta ga fuskata.

"Sa mana," ta ce. "Mi kake jira? Ai aikinka ne."

"Yaya, ki bari in yi magana."

"Ban riƙe maka baki ba."

Na tsuguna kusa da ita na rage murya. "Ki ce kin ba masallaci injin. Waƙahi. A baki kawai, da takarda. Ke za ki ci gaba da riƙonshi, kuɗin naki ne, sunanki ya hita daga littahin meri. Shi ke nan."

Ta daɗe tana goge yatsunta da tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

"Isiyaku, Allah za mu yi ma wayo?"

"Ba Allah ba, Yaya. Meri."

Har dariya na yi da na faɗi haka. Yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Limaminmu Malam Ƙadri tsoho ne, aminin marigayi Umaru tun suna samari. Da farko ya ƙi. Ya ce waƙafi ba wasa ba ne, abin da aka ba Allah ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a karɓe shi. Na yi ta kai masa maganar marayu har ya gaji. Rana ta uku ya aika aka kira Yaya, ya ce mata, "Ni na san naki ne, Allah ya san naki ne. Muddin ina da baki ba mai taɓa shi."

Da na tsaya a nan da an tsira. Amma ni ma'aikaci ne, na san yadda ake gano takardar bogi, sai na ce a yi abin yadda ba wanda zai iya tuhuma. Ranar Juma'a bayan an sallame, kafin mutane su watse, Malam ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci. Yaya ta matso daga wajen mata ta faɗa da bakinta cewa ta ba masallaci injinta don Allah. Dattawa biyu suka dangwala yatsa a takarda. Malam ya ɗaga hannu aka yi fatiha aka shafa, tsofaffi suna ta sa mata albarka. Ni ina gefe ina jin kaina gwani.

Muka taka har ƙofar gida. Yaya ta tsaya da mabuɗi a hannu.

"Sun ce amin, Isiyaku," ta ce. "Dukansu sun ce amin."

Na ce mata kada ta damu. Na kai takardar meri, sakatare ya buga hatimi ya soke sunanta.

Shekarar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta rage kuɗin niƙa, rabin matan suka dawo, babbar 'yarta Hanan ta ci gaba da kwaleji a Mayahi. Amma a Tsamiyar Kwari ba a dabara mutum ɗaya ya ci shi kaɗai. Tela ya wayi gari kekensa na masallaci ne. Mai cajin waya ma haka. Mai faci, mai shayi, har wani mai sayar da taba sigari ya zo mini da takarda wai teburinsa waƙafi ne. Su ba su wahalar da kansu da taron jama'a ba, wani ɗan kwamitin masallaci ke rubuta musu a zaurensa. Ni kuma ba ni da bakin cewa a'a, don duk wanda ya miƙo takardar sai ya dube ni ya ce, "Kamar na Mairo."

Abin da ke shiga meri ya ragu har aka kasa gyaran rumfunan kasuwa da iska ta kwashe. Cikin konseye, wato zaɓaɓɓun wakilan gari, akwai wani Dodo, tsohon direban babbar mota, mutum mai murya kamar yana faɗa ko gaisuwa yake yi. Shi ya kawo shawara cewa duk sana'ar da ke kawo kuɗi ta biya, ko ta masallaci ce ko ta majami'a. Aka sa ranar zama, wata Litinin. Gari ya ɗauki zafi. A majalisar shayi da bakin rijiya ba a maganar komai sai wannan, har wasu 'yan'uwa suka daina gaisawa.

Ana saura mako uku Malam Ƙadri ya faɗi a wurin alwala. Aka kai shi asibitin Tasawa, aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, ba ya iya furta ko kalma ɗaya. Ranar da na ji labarin, ina tsaye cikin kasuwa, sai na tuna alkawarinsa ga Yaya: muddin yana da baki.

Kwamitin masallaci ya koma hannun Malam Abdul Razak, saurayin malami da ya dawo daga karatu. Na so in same shi da laifi, na nema ban samu ba. Ba ya cin na kowa, keke yake hawa, kuma ba ya dariya in ba dalili. Da ya ji abin da Dodo ke shirin faɗa a zama, sai ya ce zai share gidansa kafin a share masa. Ya tara duk takardun waƙafi. Na tela da mai caji da sauran, ya ce ba shaidu, ba furuci gaban jama'a, ba waƙafi ba ne, ya yayyaga su ya ce kowa ya je ya biya harajinsa. Suka yi ta zaginsa kwana biyu, amma kowa ya tsira da kayansa. Takarda ɗaya ce ta cika kowane sharaɗi, ita ce wadda na tsara da hannuna.

Ina wurin Yaya ranar da ya zo. Ya jingine kekensa, ya yi sallama, ya jira ta kashe injin.

"Inna Mairo, ban zo tuhuma ba," ya ce. "Shekara guda injin ga na masallaci ne, ko dala ba ta shigo ba. Abin da ya wuce mun yahe, na san akwai marayu. Amma ran Litinin za a ce kayan masallaci na ƙarya ne, ni kuwa ina son in tsaya in ce ba ko ɗaya. Kwamiti ya yanke, inji biyu sun yi ma gari ɗaya yawa. Ran Talata za mu ɗauke wanga mu kai Garin Isma'il, inda har yanzu mata ke daka da hannu. Ladarki za ta ƙaru. Ke kuma mun sa ki cikin masu samun hatsin zakka kowane wata."

Da ya ambaci zakka sai Yaya ta kau da kai. Ya hau kekensa, na bi shi da gudu na tare shi a bakin lungu.

"Allah gafarta Malam, akwai yadda anka yi da Malam Ƙadri."

Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. "Wane yadda?"

"Wata 'yar fahimta ce tsakaninsu."

"Isiyaku, ina cikin sahu ranar nan. Na shahwa da hannuna. In kana nuhin limaminmu ya tara jama'ar Juma'a ya sa sun ce amin kan ƙarya, ba a lungu za ka hwaɗa mini ba. Ka hwaɗa gaban jama'ar da ta ce amin."

Ya jira. Na matsa na ba shi hanya. Ya taka kekensa ya tafi.

Da na koma rumfar, Yaya na tsaye ta dafa injin.

"Kai ka ɗaura," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ka san yadda za ka kwance."

Washegari da la'asar na je gidan Malam Ƙadri. An kwantar da shi a tabarma cikin inuwar zaure, matarsa tsohuwa tana kore masa ƙuda da mafici. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya gane ni sarai. Na matsa kusa da kunnensa na ce za a ɗauke injin Mairo, in an kawo mutane ko kai ne ya ɗaga musu su gane ba da gaske aka yi ba. Leɓensa ya yi ta motsi, miyau na zuba, wani sauti na fitowa wanda ba magana ba. Sai hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Matarsa ta ajiye maficin ta ce mini, "Ɗan nan, mi ka hwaɗa mashi? Tashi ka ba mu wuri." Na tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ranar Litinin tun ƙarfe tara ɗakin taron meri ya cika. Rufin kwano, zafin bazara, tagogi duk kawuna. Mata sun tsaya a waje ta gefen inuwa, na hango Yaya cikinsu, da matar Malam Ƙadri. Ni aka zaunar da ni a ɗan benci kusa da ƙofa, littafin masu biya a kan cinyata. A bencin gaba Malam Abdul Razak ne zaune da Fasto Sha'aibu na 'yar majami'ar da ke bayan kasuwa, kafaɗa da kafaɗa. Tunda nake ban taɓa ganinsu wuri ɗaya ba, sai da haraji ya haɗa su.

Magajin gari ya buɗe zama, Dodo ya miƙe.

"Ni ban ce a sa ma sallah haraji ba," ya ce. "Ban ce a sa ma addu'ar Lahadi ba. Amma inji ba ya sallah, niƙa yake yi. Makahon da ke tupka igiya bakin kasuwa kowace Laraba sai ya yanki tikiti. Shi ba bawan Allah ba ne? Hanyar da amalanke ke bi ta kai hatsi injin masallaci, wa ke gyaranta? In mai ƙarhi bai biya ba, a kan wa nauyin ke komawa?"

Wasu suka yi tafi, wasu suka yi tsaki. Fasto Sha'aibu ya nemi izini. Majami'arsu na da famfo mai aiki da hasken rana, suna sayar da ruwa.

"Mu ba mu kai gida ashirin ba a garin ga," ya ce a hankali. "Waɗanda ke ɗibar ruwan nan, tara cikin goma ba namu ba ne. Abin da ake biya, da shi muke gyara in ya lalace. Ku sa haraji, ba mu ƙi ba, amma sai mun ƙara ma jarka kuɗi. Ku za ku biya, ba mu ba."

Malam Abdul Razak bai ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi tsit.

"Baƙo ya mutu a tasha, wa ke saya mashi likkahani? Damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare, ƙohwar wa ake bugawa? Ban taɓa ganin an buga ta meri ba. Abin da ke hannunmu ba namu ba ne, mutane sunka cire daga bakinsu sunka ba Allah. Da akwai na ƙarya, na yarda, kuma na yaga su da hannuna. Abin da ya rage, ina tsaye nan ina shaida, ba ƙarya ko ɗaya a ciki."

Gaskiya, ina zaune ina jin kowane ya faɗi tasa sai in ga shi ke da gaskiya. Amma ni ba wannan ke gabana ba. Ina ta kallon agogon bango, ina lissafin awa nawa ya rage Talata ta yi.

Dodo ya juyo. "To ga mai littahi nan. Isiyaku, tashi. Kai ka san kowa da abin da ya mallaka. Abin da ya rage da sunan masallaci, duka na gaskiya ne?"

Na tashi. Littafin ya zame ya faɗi, ban ɗauka ba. Na san in na ce "na gaskiya ne" an gama, in koma gida in ci tuwo, gobe amalanke ta zo ƙofar Yaya. Na san kuma in na faɗi ɗayar, aikina ya tafi, ina da mata da 'ya'ya biyar, ba ni da gona. Zufa ta shiga idona. Ta taga na hango ɗankwalin Yaya.

"Akwai ɗaya," na ce.

"Ɗaga murya!"

"Akwai ɗaya na ƙarya. Injin Mairo. Ba ta ba masallaci ba. Ni na shirya abin don kada in sa mata kwado. Ni na roƙi Malam Ƙadri har ya yarda. Taron da anka yi ran Juma'a, duk don meri ta yarda ne. Injin nata ne, na marayu ne."

Ban taɓa jin ɗaki ya fashe haka ba. Wasu suka miƙe tsaye, ana salati, ana buga benci. Magajin gari ya sunkuya ya ce wa sakatare wani abu, sakatare ya fara rubutu da sauri, na kuwa san sunana yake rubutawa. Malam Abdul Razak bai motsa ba, amma fuskarsa ta yi fari fat. Ta taga na ji wani ya ce, "Ashe shekara talatin bayan maƙaryaci muke sallah!" Wani ya ce, "Shi ya sa Allah ya kama bakinshi!" Na juya, na ga matar Malam Ƙadri ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta sulale ƙasa.

Magajin gari ya yi ta buga tebur. "A kira Mairo! A ba ta hanya!"

Ta shigo, ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar za ta shiga ɗakin surukai. Akwai sauran gari a girarta. Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba.

"Mairo," in ji magajin gari, "kin ji abin da ƙanenki ya ce. Tambaya ɗaya za ni yi maki. Injin nan, kin ba Allah ko ba ki ba shi ba?"

A ƙarƙashin tsoron har na fara jin wani sanyi. Na ce a raina ko me za a yi mini, na kwance abin da na ɗaura.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "na ba shi."

"Yaya!"

"Rufe mini baki, ba da kai nike ba." Ta juya ga jama'a. "Ƙarya yake yi. Ni na goye shi, tausayina ne ya kama shi, ya ga za a ɗauki injin ya rasa abin yi. Shi bai shirya komi ba, takarda kawai ya kai. Malam Ƙadri kuwa sau uku yana tambayata ko na yi tunani, na ce na yi. Da bakina na hwaɗa, kun ji ni, kun shahwa. Wanda ya zagi bawan Allahn nan da ke kwance, ya je ya nemi gahwararshi tun yana da rai."

Sai wani tsoho ya ce "Allahu akbar," wasu suka amsa. Na ce, "Wallahi," ban ƙarasa ba Dodo ya dafa kafaɗata ya danna ni kan benci da ƙarfin direba. Magajin gari ya dube ni ya girgiza kai, ya ce wa sakatare ya soke abin da ya rubuta, ya ce in sake kawo son kai cikin aikin hukuma in gani. Har wasu suka yi dariya. Malam Abdul Razak ya daɗe yana kallon Yaya. Ban san abin da ya gane ba.

Maganar haraji kuwa, aka yi ta ja har azahar, sannan aka ce a kafa kwamiti ya duba, a ɗage zuwa wani zama. Har na rubuta wannan ba a yi zaman ba. Abu ɗaya aka yanke a ɗakin nan ranar, shi ne injin Yaya.

Talata da safe amalanken shanu ta tsaya a ƙofarta da maza huɗu. Na riga su zuwa. Suka zagaya injin suna shawara ta ina za su fara, ɗaya ya ɗauko guduma.

"Aje wannan," in ji Yaya. "Za ka hwasa shi."

Ta shiga gida ta fito da sufanu na kwance ƙusa a tsumma. Ita ta cire bel ta naɗe, ita ta tsiyaye gazuwal, wato man dizal, a galan, ita ta durƙusa ta kwance ƙusoshin da suka riƙe shi a siminti. Tana yi tana gaya wa babbansu: kada a tada shi ba a duba mai ba, kada a zuba masara mai danshi, in ya fara tari a kashe shi a bar shi ya huce. Mutumin yana ta cewa to, na ga ba ya riƙe komai. Suka ɗaga shi da ƙyar suka ɗora, suka ɗaure da igiya. Ta tsaya a bakin rumfar har amalanken ta sha kwana.

Sai muka rage mu biyu. Inda injin yake sai baƙin tabon mai a siminti da ramuka huɗu.

"Don mi, Yaya?" na ce. "Ke kinka ce in kwance. Na kwance."

"Na ce ka kwance, ban ce ka yanka mutane ba." Ta ɗauki tsintsiya. "In na ce gaskiya ka hwaɗa, aikinka ya tahi, ɗiyanka su dawo wuyana. Malam ya mutu ana tsine mashi. Ni kuma in zama matar da ta yi ma Allah wayo a ƙohwar ɗakinshi. Wa za ta kawo ma wannan niƙa?"

"Amma naki ne."

Ta tsaya da sharar. "Ban sani ba, Isiyaku. Ranar da na hwaɗa, da anka ɗaga hannu, ni ma na ce amin. Tun ran nan in na tada shi sai in ji kamar aro na yi."

Na ce zan riƙa kawo mata wani abu daga albashina. Ta yi mini irin kallon da take yi mini ina yaro in na yi fitsarin kwance. Na ce to hatsin zakkar fa, ta ce ta riga ta aika a cire sunanta.

Ta share rumfar tas, ta kwashe sharar ta zubar, ta dawo ta tsaya tana duban bangon kwanon kamar tana auna wani abu.

"Gobe Laraba," ta ce. "Akwai sauran wake a ɗaki. In na kasa ƙosai bakin kasuwa, tikitin nawa ne?"

"Yaya, haba."

"Nawa ne?"

"Dala goma."

"To ka zo da shi," ta ce. "In ka iso kaina ka tsaya ka yanka mini gaban mutane. Kada ka kuskura ka tsallake ni."